Tsohon zane a ƙasan akwati

A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, yakan zana mutum da alƙalami da tawada, ya ja wuya ya yi tsawo, ya lanƙwasa jiki da layi guda, salon da ya ɗauko daga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Yau wasu daga cikin takardun nan suna gidan adana zane na MoMA a New York.

Irin waɗannan tsofaffin takardu na iya kasancewa a gidajenmu ma, don mutanen Madawa, Buza da Keita sun daɗe suna zuwa ci-rani Kano, Legas da Abijan, su dawo da kaya iri-iri. Wanda ya tarar da tsohon zane a akwatin ƙarfen kakansa, ko shafi mai zayyana da hatimi, ya kamata ya san abin da ke hannunsa kafin ya ba yara su yi wasa da shi.

Mai ƙiyasta daraja ba kyau kaɗai yake dubawa ba. Yana neman sa hannu da shekara, ya juya baya ko akwai rubutu ko tambari, ya ɗaga takardar a haske. Tsofaffin takardun malamanmu da yawa suna ɗauke da alamar jinjirin wata uku, shaidar an yi su a Italiya. Sai babbar tambaya: daga hannun wa ya fito, ya bi ta hannun wa? Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka gano a wani gida a Landan, an sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018 bayan masana sun tabbatar nasa ne.

Wahalar tana wajen adanawa. Takarda mai araha ta wancan zamani da niƙaƙƙen itace aka yi ta, tana da tsami a jikinta, shi ya sa take yin ja ta riƙa karyewa. Zafin bazara na hanzarta wannan, hunturu ya busar da ita, damina ta kawo danshi da tabo, gara kuma ta gama da saura.

Amma ɓarnar da ta fi ciwo ita ce ta mai son gyara. Salatif yana barin tabon da ba ya fita. Kai zane shago a manne shi cikin roba da injin zafi, kamar takardar haihuwa, kashe shi ne, don da wuya a sake raba su. Ƙwararru da kokon sitacin alkama da siririyar takardar Japan suke ɗinke yagewa, domin gobe ana iya cirewa.

A gida, a shimfiɗa zanen ba ninki, tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta, a sa cikin akwati, a ɗora bisa wani abu nesa da ƙasa da bangon laka. Kada a rataye shi inda rana ke faɗawa. A rubuta tarihinsa da fensir a wata takarda dabam. Mai neman shawara yana iya zuwa Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, ko gidan tarihi na Bubu Hama da aka buɗe a 1959.