Yadda raunin sakamakon lissafi ke hana ɗalibai shiga jami'a

A duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, darasin da iyaye da ɗalibai a Gaya da Ajingi ke fara dubawa shi ne lissafi, sannan Turanci.

Dalili kuwa shi ne, ɗalibi kan iya cin darussa takwas da kyakkyawan sakamako, amma rauni a lissafi kaɗai ya zaunar da shi a gida shekara guda ko fiye.

Tsakanin C6 da D7

Hukumomin shirya jarrabawa na WAEC da NECO suna jera sakamako ne daga A1 zuwa F9. Abin da ake kira kiredit ya fara daga A1 ya tsaya a C6, wanda bisa ma'aunin da aka saba da shi yake daidai da maki 50 zuwa 54 cikin ɗari.

Wanda ya sami D7 ko E8, a takarda dai bai faɗi ba. To sai dai a wurin jami'a, shi da mai F9 duk kanwar ja ce.

Ƙa'idar ita ce mai neman gurbi ya gabatar da kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yake so, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A fannonin kimiyya da fasaha da nazarin zamantakewa, wajibi ne lissafi ya kasance cikin biyar ɗin. Jami'o'i da dama ma ba sa karɓar zama biyu daga mai neman aikin likita.

A ɗauki misalin ɗalibai biyu daga Ajingi da ke neman karatun injiniya a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ita ce mafi kusa da su. Na farko ya sami maki 260 cikin 400 a jarrabawar JAMB, amma yana da D7 a lissafi. Na biyu ya sami 210, yana da C6.

Na biyun zai shiga sahun waɗanda za a tantance. Na farkon kuwa, duk da fifikon maki 50, ba za a ma kai ga duba makinsa ba.

Wannan ya sha bamban da yadda ake yi a Amurka, inda manyan jami'o'i irin su MIT ke son ganin ɗalibi ya karanta kalkulas, amma suna auna sakamakonsa tare da sauran darussa da wasiƙun malamai. A Najeriya ƙa'idar ƙofa ce, ko dai a buɗe take ko a rufe.

Ina kalkulas ya shigo?

Kalkulas reshe ne na lissafi da ke auna yadda abu ke sauyawa, kamar saurin da mota ke yi a daidai wata daƙiƙa a kan hanyar Gaya zuwa Wudil, saɓanin matsakaicin saurinta a tafiyar baki ɗaya.

Ba a rubuta shi a matsayin darasi mai zaman kansa a sakandaren Najeriya. Ana taɓa farkonsa a aji uku na babbar sakandare, ana kuma zurfafa shi a darasin Further Mathematics, wanda ba kowace makaranta ke da malaminsa ba.

Amma sashe ne sukutum a manhajar lissafi ta JAMB. Saboda haka ɗalibin da aka gama shekara ba a kai shi wurin ba, zai tarar da tambayoyin suna jiransa a kwamfuta idan injiniya yake nema.

Mai neman aikin likita ba ya rubuta lissafi a JAMB, domin darussansa su ne Turanci da bayoloji da kemistiri da fizik. Wannan kan ruɗi wasu su yi sakaci da lissafi, alhali kiredit ɗinsa na sakandare na nan a kansu.

Kiredit kaɗai ba ya isa

A fannonin da ake rububi, tsallake C6 somin taɓi ne. Wasu jami'o'i, ciki har da Jami'ar Legas, suna mayar da sakamakon sakandare maki, su haɗa da na JAMB da na tantancewar da suke yi. A irin wannan tsari mai A1 ya riga mai C6 tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ɗan Gaya da ya nemi Jami'ar Bayero zai iya cin gajiyar wannan rabo, amma sassaucin a kan makin shiga yake, bai shafi kiredit ba.

Yawan waɗanda abin ke shafa ba kaɗan ba ne. A 2025, hukumar WAEC ta fara bayyana cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi, kafin ta gano kuskure a wajen makin Turanci ta gyara adadin zuwa 62.96. Ko da gyaran, fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku bai cika sharaɗin ba.

A watan Oktoban 2025, ma'aikatar ilimi ta tarayya ƙarƙashin minista Tunji Alausa ta cire lissafi daga sharuɗɗan shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi da harsuna da makamantansu. Daga baya ta yi ƙarin bayani cewa har yanzu dole kowa ya rubuta shi a jarrabawar sakandare.

Sassaucin bai taɓa ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya ba, tun da su masu neman kimiyya ne. Haka ma mai son tattalin arziki ko aikin akanta.

Hanyar gyara

Hanya mafi kusa ita ce sake rubuta jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, wadda WAEC da NECO ke shiryawa a ƙarshen shekara, sannan a haɗa sakamakon biyu inda jami'a ta amince.

Akwai kuma karatun share fage a makarantu irin su CAS da ke Kano, da shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Sai dai shi ma IJMB ba ya yafe kiredit ɗin, lokaci kawai yake ba ɗalibi ya samo shi.

Duk waɗannan kuɗi ne. Gwamnatin Kano kan biya kuɗin NECO ga ɗaliban makarantunta da suka ci jarrabawar cancanta, amma zama na biyu daga aljihun iyaye yake fita, ga kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, a gidajen da galibi sai an sayar da amfanin gona ake ganin kuɗi a dunƙule.

Sakamakon WAEC da NECO ba ya tsufa, amma na JAMB shekara ɗaya yake aiki. Ɗalibin nan mai maki 260, idan bai gyara lissafinsa kafin a rufe ɗaukar ɗalibai ba, sai ya sake sayen fom ya kuma sake neman makin daga farko.