Matakala da Masai: Inda Ƙa'idar Gini Ke Karo da Ruwan Haɗeja

Duk maginin da ya taɓa aiki a ƙasar Auyo ko Guri ko Kirikasamma, ba sai an tuna masa ya ɗaga fandisho ba. Ruwa ya riga ya koya masa. Kogin Haɗeja, da zarar ya baro ƙasar Kano ya shigo wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba shi da gaɓa mai tsayin da za ta riƙe shi. Ga kuma ciyawar kacala da ta cushe hanyoyinsa tun bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya masa tafiya. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa garuruwan masarautar Haɗeja a jihar Jigawa ba zai yarda a gina aji daidai da ƙasa ba. Don haka sai a yi ciko, a ɗaga daɓen aji ya kai gwiwa, wani wurin ma ya kusa ƙugu, sannan a yi masa matakala uku ko huɗu.

Dabara ce mai kyau, ba a musu. Sai dai matakalar da ta tsare aji daga ruwa ita ce kuma ke tsare yaro mai keken guragu a waje. Shi kuma masai, ramin da aka saba haƙawa a kan tudu ba ya zama lafiya a fadama. A waɗannan wurare biyu ne ƙa'idar gini da yanayin ƙasarmu ke karo, kuma a nan ne ake yawan neman a ɗaga ƙafa.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce duk ginin da jama'a ke shiga, dole a duba zanensa kafin a fara, kuma ba a yarda a amince da zanen da bai tanadi hanyar shigar nakasassu ba. Jami'in da ya sa hannu a kan irin wannan zane, idan kotu ta same shi da laifi, zai iya biyan tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ya yi shekara 2 a gidan yari, ko a haɗa masa duka. Rangwamen da dokar ta yi shi ne na shekara 5 domin a gyara gine-ginen da ta tarar, shi ma ya ƙare tun Janairun 2024. Sabon gini kuwa tun farko ba ya cikin wannan rangwame. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma da yake Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara gari da amincewa da zanen gini hurumin jihohi ne, nauyin aiwatarwa a wuyan jiha yake. Jigawa kuwa tana da tata dokar ta kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, kuma jiha ce da ta yi suna tun 2007, lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan nakasassu alawus na naira 7,000 a wata.

A takarda ke nan. A filin aiki, abin da ya fi yawa ba neman sassauci ba ne, tsallakewa ce a yi shiru. Ba wanda ya rubuta takarda ya ce a yafe masa. Sai an gama gini, an shafa fenti, an rubuta sunan aikin a bango, sannan in wani ya tambaya ina hanyar keke, ina banɗaki, a ce masa "ba ya cikin takardar kwangila," ko "kuɗin bai kai ba," ko "za a yi a kashi na biyu." Kashi na biyun nan kuwa, kowa ya san halinsa.

Akwai amsar da ta fi waɗannan ciwo: "Ai babu gurgu a makarantar nan." Mai faɗin haka ya manta cewa uwar da ta san ɗanta ba zai iya hawa aji ba, kuma ba inda zai kewaya, ba za ta turo shi ba tun farko. Gaskiya ne an tabbatar da raba Nijeriya da cutar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, wasunsu yau malamai ne, wasu iyayen yara ne da ke zuwa taron makaranta. Ban da su ga wanda babur ya karya, ga mai sikila da ƙashin ƙugu ya ci, ga makaho da kowace matakala marar kariya rami ce a gabansa. Gini kuwa shekaru yake yi a tsaye. Ba wanda ya san wa zai shigo shi baɗi.

To shin babu halin da ya dace a yi sassauci? Akwai, kuma ƙasashen da suka daɗe da irin wannan doka sun yi masa tsari. A Amurka, inda dokar nakasassu ta fara tun 1990, sabon gini ba ya samun uzuri don an ce kuɗi ya yi yawa. Uzurin da aka yarda da shi shi ne idan yanayin ƙasar kanta ya sa abin ba zai yiwu ba, kuma misalin da hukumominsu suka bayar ya yi kama da namu: ginin da dole a ɗora shi a kan ginshiƙai a cikin fadama ko bisa ruwa. Ko a nan ɗin ma ba a ce mai gini ya wanke hannunsa ba. Dole ya yi duk abin da zai yiwu. Wato abin da ake sassautawa shi ne hanyar cika ƙa'ida. Ita manufar, wadda ita ce kowane yaro ya shiga aji kuma ya kewaya cikin mutunci, ba a taɓa ta. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace da Haɗeja.

Maganar kuɗi ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar kan nakasa a 2011 ya nuna cewa in tun a zane aka sa, tanadin nakasassu ba ya ƙara wa sabon gini fiye da kamar kashi 1 cikin 100. Fasa siminti a gyara daga baya shi ne mai tsada.

Lissafin gangarar keke mai sauƙi ne. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce kowane taku 1 na tsayi ya sami taku 12 na tsawo. Idan an ɗaga daɓe santimita 60, gangara za ta kai mita 7 da ɗoriya. Idan mita guda aka ɗaga, sai mita 12, da wurin hutawa a tsakani. Nan ne ɗan kwangila ke dafe kai, ya ce ba fili, ba siminti. Abin da wasu ke yi kuma ya fi rashin yi muni: su zuba ɗan siminti a gefen matakala, a tsaye kamar bango, wanda ko mai ƙafa biyu sai ya dafa kafin ya hau. An cika sharaɗi a hoto, amma keke ba zai hau ba, in ma an tura shi ya hau, saukowa kasada ce.

Alhali mafita tana nan. Ta farko tun wurin zaɓen fili ne: ƙasar nan cike take da 'yan tuddai na yashi a tsakanin fadamu, a kansu kakanni suka kafa garuruwa, kuma dattawan kowane ƙauye sun san iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Sau da yawa fadama ake bai wa makaranta don ita ce filin da ba mai so. Idan ba makawa sai a kwari, maimakon a ɗaga kowane aji shi kaɗai, ana iya cike farfajiyar gaba ɗaya a daddale ta, ƙasa ta riƙa hawa a hankali tun daga ƙofa. Ana iya haɗa azuzuwa da baranda guda mai tsayi ɗaya, gangara ɗaya ta wadaci jerin duka, a shimfiɗa ta a jikin bango don kada ta ci fili. A bar fuskarta da kaushi saboda santsin damina, a yi mata ɗan dakali a gefe da ƙarfen dafawa. A kuma tuna cewa keken da mutanenmu suka fi hawa mai ƙafa uku ne da ake tuƙawa da hannu, ya fi kujerar asibiti tsawo, saboda haka lanƙwasa da ƙofa suna son yalwa. Ƙofa kada ta gaza santimita 90. Gangarar da ta sauka a cikin rairayi ko taɓo kuwa ba ta kai kowa ko'ina ba, sai an daɓe hanya daga bakin makaranta har zuwa gindinta.

Batun banɗaki shi ne inda na fi yarda cewa sassauci wajibi ne. Ƙa'idojin ruwa da bututu na littafi an rubuta su ne da tunanin birni: famfo na zuwa, a ja ruwa, ƙazanta ta gangara tankin ƙasa, ruwanta ya tsotse a sokawe. A ƙauyen da babu ruwan famfo, banɗakin ja-ruwa ba ya daɗewa sai ya toshe, shugaban makaranta ya sa masa kwaɗo. A fadama kuma, da damina ruwan ƙasa yakan taso har ya kusa fuska, sokawe ba shi da inda zai tsotse, ramin masai ya cika da ruwa, in ƙasar yashi ce ya rufta. Idan ambaliya ta zo, sai ta kwashe abin da ke ciki ta kai rijiyoyi. Wanda ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda Jigawa ke cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saboda haka idan injiniya ya ce a ƙyale shi kada ya yi ja-ruwa a Guri, yana da hujja. Abin tambaya shi ne me zai yi a madadinsa. Masana tsabtar muhalli suna son ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko burtsatse, gindinsa kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita 1 da rabi. Inda hakan ba zai samu ta haƙa ba, sai a gina ramin sama: a kewaye shi da bulo da siminti, bakinsa ya wuce alamar ambaliya, a sa masa bututun iska mai raga don wari da ƙuda, a yi rami biyu don in ɗaya ya cika a rufe shi ya bushe ana amfani da ɗayan. Mutanen Bangaladash, waɗanda ruwa ya fi mu damu, da irin wannan suke rayuwa. Amma ka ga an sake komawa gidan jiya: masai ya hau sama, ya sami matakala. Dole shi ma a yi masa gangara, a ware ɗaki ɗaya mai faɗi wanda keke zai juya a ciki, ƙofarsa ta buɗe waje, da ƙarfen riƙewa da ɗan wurin zama. A yi tunanin yaron da da hannuwansa yake rarrafe, a ce ya shiga ɗakin da daɓensa ke jiƙe. Da hannun nan zai riƙe fensir, da shi zai ci abinci.

Abin da ba ya karɓar rangwame shi ne yawa da rabewa da ruwa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 domin makarantu masu ƙaramin ƙarfi ya ce masai 1 ga 'yan mata 25, masai 1 da wurin fitsari ga maza 50, da aƙalla lita 5 ta ruwa ga kowane ɗalibi a yini. Mu da ke tsarki da buta, lita 5 ma ƙaranci ce. Yarinyar da ta fara al'ada, in babu wuri mai ƙofa da sakata da ruwa, gida za ta zauna kwanakin, daga nan kuma zama ya zarce. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Makarantar da aka gina sabuwa ba masai, kullum da hantsi tana tura ɗaruruwan yara bayan katanga su warware wannan suna.

Ga wani abu da masu zane ke mantawa. A Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, duk shekarar da ruwa ya ci gidaje, makaranta ce mafaka. Tsoho mai sanda, mai ciki wata tara, majinyacin da aka ɗauko a amalanke, duk nan ake kawo su. Ranar zaɓe ma nan ake layi. Masan da aka yi wa yara ɗari biyu sai ya wayi gari yana ɗaukar gari guda.

Yawancin azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare da kuɗin haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC) da ta jiha (SUBEB) ake gina su, bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wasu kuma ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisa. Galibi zane guda ake bugawa a raba ko'ina, na kan dutsen Dutse shi ne na bakin kogin Marma. Kamata ya yi yankin fadama ya sami nasa zanen, wanda gangara da masai mai tudu da tankin ruwa ke cikin lissafin kayan aiki tun ranar farko, don abin da ba a sa wa farashi ba ɗan kwangila ba zai yi shi sadaka ba. Inda kuma aka ga dole a kauce wa ƙa'ida, a rubuta kafin a haƙa fandisho: ga sharaɗin da ba zai yiwu ba, ga dalili, ga abin da za a yi a madadinsa, ga wanda ya sa hannu. A ba kwamitin kula da makaranta kwafi, a kuma ji ta bakin ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙaramar hukumar, don sun fi kowane injiniya sanin gangarar da ke hawuwa.

Iyaye da masu unguwanni suna da dama guda da ba kasafai suke amfani da ita ba. Ba a biyan ɗan kwangila kuɗinsa duka sai an karɓi aiki, kuma akan riƙe wani kaso na 'yan watanni ko aibi zai bayyana. Kafin a sa hannu a takardar kammalawa, a gayyato mai keken guragu daga cikin gari, ya shigo da kansa tun daga ƙofar makaranta, ya hau baranda, ya shiga aji, ya je banɗaki ya rufe ƙofa, ba tare da kowa ya tura shi ba. Duk inda ya tsaya, a rubuta a takardar, kuɗin da aka riƙe kuma kada ya fita sai an gyara wurin.