Shin Ko Kun San? Almakashin Masu Tace Fina-finai

• Shin ko kun san doka ba ta yarda fim ya shiga kasuwa a Najeriya ba sai Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta kalle shi, ta yanka shekarun waɗanda ya dace su gani? An kafa ta a 1993. Lamba 18 a jikin fim na nufin ba na yara ba ne.

• Hukunci mafi tsauri shi ne a hana fim lamba ɗungurungum. A Ingila, fim ɗin ban tsoro na 1974 mai suna The Texas Chain Saw Massacre bai samu amincewar hukumar ƙasar ba sai a 1999.

• A 2011 hukumar ta Ingila ta ƙi The Human Centipede II saboda ya cakuɗa azabtarwa da batsa. Sai da aka datse wurare 32, tsawon minti 2 da daƙiƙa 37, kafin ta ba shi lamba 18.

• A nan gida, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da Shari'a, sannan ta kafa hukumar tacewa ta jiha a 2001, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso.

• A 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar ta Kano, kotu ta ɗaure Adam A. Zango wata 3 kan faifan bidiyonsa Bahaushiya.

• A 2021, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, hukumar ta Kano ta haramta nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, don kada fim ya zama makarantar ɓata-gari.

• A watan Mayun 2024 hukumar ƙasa ta sanar da takunkumi kan ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi da shan taba.

• Sai dai yawancin waɗannan dokoki an gina su ne don silima da faifai. Yau fim ɗin da aka datse a Landan na iya sauka cikakke a wayar yaro a Mandera ko Boɗinga ko Shagari, ta intanet ko ta shagon masu turi, kuma ba kowane mai turi ke tambayar shekarun mai waya ba. Iyaye da yayye, ku riƙa karɓar wayar kuna buɗe ma'ajiyar bidiyo, ku tambayi yaro wa ya tura masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.