Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari: Yadda Littafin Kiristoci Ya Kasu Biyu

Kowace Lahadi da safe, a majami'un Yelwa da Bayan Gari da sauran unguwannin birnin Bauchi, mai karatu yakan buɗe littafi mai kauri ya karanta daga sashen farko, can an jima a juya zuwa kusa da ƙarshensa a sake karantawa. Da dama daga cikin waɗannan majami'u, na ECWA da COCIN da Anglika da Katolika, suna da sujada da Hausa, saboda ita ce ke haɗa Sayawa da Jarawa da Angasawa da sauran ƙabilu a zama ɗaya. Littafin shi ne Littafi Mai Tsarki, wanda ake kira Baibul. Maƙwabci Musulmi kan kira shi Linjila baki ɗaya, alhali a wurin Kiristoci Linjila wani yanki ne kawai a cikinsa. Littafin tarin littattafai ne masu yawa, an kuma kasa su gida biyu: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari.

Me ake nufi da alkawari?

Kalmar alkawari a nan tana nufin yarjejeniya tsakanin Allah da mutane. Tsohon Alkawari yana ba da labarin wadda Allah ya ƙulla da Annabi Ibrahim da zuriyarsa, wadda kaciya ce alamarta, da kuma wadda aka ƙulla da Bani Isra'ila ta hannun Annabi Musa a Dutsen Sina'i, inda aka ba su Dokoki Goma da sauran hukunce-hukunce. A sura ta 31 ta littafin Irmiya an yi maganar wani sabon alkawari da zai zo nan gaba. Kiristoci sun yi imani cewa wannan ya cika ta wurin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, kuma daga nan sunan kashi na biyu ya samo asali.

Sunan Tsohon Alkawari na Kiristoci ne. Yahudawa, waɗanda littattafan suka fito daga cikinsu, suna kiran su Tanak, suna ƙirga su 24 bisa nasu tsari, kuma ba su karɓi Sabon Alkawari ba.

Abin da kowane kashi ya ƙunsa

Tsohon Alkawari ya fara da littattafai biyar da ake dangantawa da Annabi Musa, wato Attaura: Farawa, Fitowa, Littafin Firistoci, Littafin Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. A cikinsu akwai labarin halitta, ruwan tufana na zamanin Nuhu, Yusufu a Masar, da fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. Daga nan sai littattafan tarihi, waɗanda suka bi mulkin Dawuda da Sulemanu, da rabuwar masarautar gida biyu, da kwashe Yahudawa zuwa Babila bayan rushe Haikalin Ƙudus a wajejen shekara ta 586 kafin Miladiyya. Sai littattafan waƙa da hikima, irin su Ayuba da Karin Magana da Zabura mai waƙoƙi 150. A ƙarshe akwai littattafan annabawa, daga Ishaya da Irmiya har zuwa Yunusa da Malakai.

Sabon Alkawari ya fara da Linjila huɗu, ko Bishara huɗu: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Kowace tana ba da labarin rayuwar Yesu da koyarwarsa, da gicciye shi da tashinsa daga matattu kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Littafin Ayyukan Manzanni ya biyo da labarin yaɗuwar addinin daga Ƙudus zuwa Roma. Sai wasiƙu 21, waɗanda 13 daga cikinsu ke ɗauke da sunan Manzo Bulus, aka rufe da Wahayin Yahaya.

A nan ne fahimtar Musulmi da ta Kirista kan kalmar Linjila ta sha bamban. A Musulunci, Linjila littafi ne da Allah ya saukar wa Annabi Isa. A Kiristanci kuwa, Linjila huɗun labarai ne da mabiyansa suka rubuta a kansa bayan zamaninsa, bisa jagorancin Ruhu Mai Tsarki kamar yadda Kiristoci suka yi imani. Mutum biyu za su iya yini suna gardama a rumfar mai shayi ba tare da sun lura cewa kowanensu abu daban yake nufi da kalmar ba.

Harshe, zamani da girma

An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ban da wasu sassa na littattafan Daniyel da Ezra da ke cikin harshen Aramiya. An ɗauki ƙarnoni da yawa ana rubuta shi, duka kafin haihuwar Annabi Isa. Sabon Alkawari kuwa da Girkanci aka rubuta shi, harshen kasuwanci da ilimi na gabashin Daular Rum a lokacin, kuma galibin masana na ganin an kammala mafi yawansa tsakanin shekara ta 50 da ta 100 Miladiyya.

Ta fuskar girma, Tsohon Alkawari ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na littafin. A bugun da majami'un Furotesta ke amfani da shi, yana da surori 929, Sabon Alkawari kuma 260, jimilla 1,189. Waɗannan surori da lambobin ayoyi daga baya aka sa su. Rabon surori na Stephen Langton ne, malamin Ingila na farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma maɗaba'in nan na Faransa, Robert Estienne, ya fito da su a 1551.

Tsofaffin kwafe-kwafen Tsohon Alkawari da ake da su a yau sun haɗa da naɗaɗɗun fatun da aka fara ganowa a 1947 a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, ciki har da littafin Ishaya kusan cikakke, wanda aka kwafa tun kafin Miladiyya.

Littattafai 66 ko 73?

Ɗan Katolika da ɗan ECWA a Bauchi, idan suka ajiye littattafansu gefe da gefe, za su ga Sabon Alkawarinsu iri ɗaya ne, littattafai 27. Jerin nan ya bayyana cif-cif a wasiƙar Bishop Atanasiyus na Iskandariyya a shekara ta 367. Bambancin yana cikin Tsohon Alkawari: Furotesta na da 39, Katolika na da 46, abin da ya sa jimillar ta zama 66 a wurin waɗancan, 73 a wurin waɗannan.

Asalin wannan shi ne fassarar Girkanci ta littattafan Yahudawa da aka fara a Iskandariyya ta Masar tun ƙarni na uku kafin Miladiyya, wadda ake kira Seftuwajin. Kiristocin farko da ita suka fi yin amfani, kuma tana ɗauke da littattafan da babu su a jerin Ibrananci: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Martin Luther ya ware su gefe a fassararsa ta Jamusanci ta 1534, Majalisar Katolika ta Trent kuma ta tabbatar da su a 1546. Cocin Otodoks na Habasha ya fi kowa yawa, domin yana ƙirga littattafai 81.

Yadda bambancin ke bayyana a aikace

Tambayar da ta fi damun Kiristocin farko ita ce ko wanda ba Bayahude ba, idan ya shiga addinin, wajibi ne ya yi kaciya ya kiyaye dukkan shari'ar Musa. Sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarin taron da aka yi a Ƙudus, inda aka yanke cewa ba a ɗora masa wannan nauyi ba, sai wasu 'yan abubuwa da aka ce ya guje musu. Wannan ne ya sa galibin Kiristoci ba su bin dokokin abinci na Littafin Firistoci, ba su yin hadayun dabbobi, kuma suna taruwa ranar Lahadi, wadda suka yi imani ita ce ranar tashin Yesu, maimakon Asabar. Akwai masu saɓani, kamar ɗariƙar Adbentis da ke kiyaye Asabar har yau.

Duk da haka, Kiristoci ba su yar da Tsohon Alkawari ba. A wajejen shekara ta 144 wani mai suna Markiyon ya yi kira da a yi watsi da shi, cocin Roma ta kore shi. Shi ya sa a sujadar Lahadi ta Katolika, a Bauchi da ko'ina, aka saba fara karatu daga Tsohon Alkawari, a bi da Zabura, sannan wasiƙa, a kammala da Linjila.

Yadda littafin ya shigo Hausa

James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, shi ya fara fassara sassan littafin zuwa Hausa, da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Sabon Alkawarinsa ya fito a 1880. Cikakken littafin, kashi biyun a haɗe, sai a 1932 aka buga shi, bayan aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi tare da 'yan mishan na SIM da SUM, ƙungiyoyin da ECWA da COCIN suka fito daga cikinsu. Ƙungiyar Baibul ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara a 1979.

Fassarorin biyu sun bar sunaye biyu-biyu a bakin jama'a. Dattijai kan ce Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a, matasa kuma su ce Matiyu da Yahaya da Maimaitawar Shari'a. Ya kamata kuma a lura cewa Yahaya da Linjila ta huɗu ke ɗauke da sunansa daban yake da Yahaya Maibaftisma, ɗan Zakariya, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya.

Bauchi ta ɗanɗana ɗacin rikici mai nasaba da addini, musamman na watan Afrilun 1991 da ya faro daga Tafawa Ɓalewa ya watsu zuwa cikin birni. Musulmi da Kirista na ci gaba da cin kasuwa ɗaya a Wunti da Muda Lawal, 'ya'yansu na zama aji ɗaya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sanin abin da ke cikin littafin maƙwabci ba ya sauya imanin kowa, amma yakan rage jita-jita. Wanda ya ji an ambato wata aya daga Baibul, abu na farko da ya kamata ya tambaya shi ne daga wane kashi ta fito, kuma yaya masu littafin da kansu suke fahimtarta.