Masu Farfaɗo Da Tsofaffin Injunan Zarto

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki gyaran tsofaffin injunan zarto a matsayin sana'a, wasu kuwa sha'awa ce kawai. Sukan bi kasuwannin gwanjo da ɗakunan ajiyar manoma suna sayen injunan da tsatsa ta cinye, su wargaza su, su wanke, sa'an nan su harhaɗa su har su tashi kamar sababbi.

Tarihin wannan inji a sigarsa ta zamani kimanin shekara ɗari ne. A 1926 ne wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki, ya biyo da mai shan fetur a 1929. Kafin nan, a 1927, Emil Lerp ya kafa kamfanin Dolmar. Injunan farko nauyi gare su ƙwarai, sai mutum biyu sun kama. A 1947 Joseph Cox na Amurka ya fito da sarƙa mai haƙora irin wadda ake amfani da ita yau, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace. Kamfanin McCulloch ya fitar da wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka a 1949, sa'an nan Stihl Contra, mai nauyin kilo 12, ya bayyana a 1959. Irin waɗannan su ne masu tarawa suka fi nema.

Mai gyara yakan fara da jan igiya don ya ji ƙarfin matsin iska a cikin silinda. In ya ji sako-sako, sai ya cire salansa ya leƙa fistin, domin injin da aka taɓa ba fetur zalla yakan karce fistinsa. Dalili kuwa shi ne, waɗannan injuna ba su da wurin zuba man inji dabam, watau a cikin fetur ake gauraya shi. A dā akan zuba kashi ɗaya na mai cikin kashi 16 ko 25 na fetur, yanzu kuwa da man zamani akasari ɗaya cikin 50 ne.

Daga nan sai kafireta. A cikinta akwai wata siririyar roba wadda ke tsotso mai, ita ce ke sa inji ya ci gaba da aiki ko an karkata shi. In inji ya daɗe a ajiye, robar takan bushe ta ƙandare, tiyon mai ya tsattsage, tsohon fetur kuma ya zama danƙo ya toshe hanyoyi. Bayan an sauya waɗannan sai a duba fulogi a ga ko wuta na zuwa. Aiki na ƙarshe shi ne wasa haƙoran sarƙa da magagari, ɗaya bayan ɗaya. Babbar wahala ita ce samun kayan gyara, shi ya sa sau da yawa akan sayi matattun injuna biyu ko uku don a tashi ɗaya.

Wannan magana ta shafe mu, domin abin da Turawa ke ajiyewa don tarihi, a Afirka ta Yamma da shi ake neman abinci. Samfurin Stihl 070, wanda tsohon ƙira ne, har yanzu shi ne abokin aikin masu yankan katako da yawa a Nijeriya da Ghana, saboda ƙarfinsa da sauƙin gyaransa.

Sai dai akwai haɗari. Tsofaffin injuna ba su da birkin sarƙa, wanda sai a shekarun 1970 aka fara sa shi. In bakin zarto ya taɓa itace ba daidai ba, injin yakan zabura ya yo kan fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Haka kuma girgizarsu tana kashe jijiyoyin yatsu, ƙararsu tana toshe kunne. Saboda haka duk wanda zai riƙe tsohon inji, wajibi ne ya wasa sarƙarsa, ya ɗaure ta daidai, ya sa hular kwano da safar hannu da abin toshe kunne, kada kuma ya shiga daji shi kaɗai. Inji in ya lalace makaniki yana tashinsa, amma hannun da sarƙa ta datse ba shi da kayan gyara.