Yadda masana ke gina rumbun DNA don neman sabon magani

Babbar wahalar masu neman sabon magani ita ce gano ɗan sinadarin da zai manne wa abin da ke haddasa cuta, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. To, maimakon a riƙa ƙera mabuɗi ɗaya bayan ɗaya, masana sun samo dabarar ƙera miliyoyi a tashi guda, su bar kwaɗon ya zaɓi nasa.

Waɗannan mabuɗan su ake kira feftayid, wato gajerun sarƙoƙi na sinadaran amino asid, waɗanda iri 20 ne a jikinmu. Umarnin haɗa su yana rubuce a cikin DNA da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, kuma kowane haruffa uku na nuna amino asid guda. Sai a sa na'ura ta haɗa guntayen DNA, a kowane gurbi a zuba haruffan a cakuɗe. Idan muka lissafa, sarƙa mai amino asid 6 kaɗai tana iya fitowa iri miliyan 64. Wannan tarin shi ne rumbun.

Daga nan sai a cusa guntayen cikin wata ƙwayar bairus da bakteriya kawai take kamawa, ba mutum ba. Kowace ƙwaya tana fito da nata feftayid a bayan jikinta, umarninsa kuma na cikinta. A zuba su kan abin da ake son kamawa, a wanke. Waɗanda suka manne a hayayyafa su, a maimaita sau uku ko huɗu, sannan a karanta DNA ɗinsu. An san mabuɗin ke nan.

George Smith na jami'ar Missouri a Amurka ne ya fito da dabarar a 1985, Gregory Winter na Ingila kuma ya yi amfani da ita wajen haɗa magunguna. Sun samu kyautar Nobel a 2018. Maganin Humira na ciwon gaɓoɓi ta wannan hanya aka same shi.

Mu ma abin ya shafe mu. Har yau da jinin dawaki ake haɗa maganin dafin maciji, ga tsada, ga ƙaranci a asibitocin karkara, alhali kububuwa na sarar manoma da makiyaya kowace damina. Yanzu masu bincike na bin wannan dabara don neman maganin dafi wanda ba sai da doki ba.