Ajiye ko Miƙa: Nazarin “Give Up” da “Opgeven” a Mizanin Hausa

1.0 Gabatarwa

A Nuwamba 2024, Gwamnan Kaduna Uba Sani ya karɓi tubabbun ’yan bindiga a Birnin Gwari, aka kuma sake buɗe kasuwar shanun garin. Ire-iren waɗannan labarai sukan iso wa manomin Gayam ta bakin mai fassara, wanda zai zaɓi kalmar Hausa da za ta maye gurbin aikatau irin “give up”. Wannan maƙala ta duba ma’anonin wannan aikatau da takwaransa “opgeven” na harshen Dac, wato na mutanen Holan, domin nuna nauyin wannan zaɓi.

2.0 Ma’anoni a Ingilishi da Dac

Ƙirar kalmomin biyu ɗaya ce: aikatau mai nufin bayarwa, haɗe da ƙaramar kalma mai nufin sama. A Dac ƙaramar kalmar takan rabu ta koma ƙarshen jimla, kamar a “ik geef het op”, wato na haƙura. Harsunan sun yi tarayya a ma’anoni uku: daina wata ɗabi’a, haƙura da abin da ya gagara, da fid da rai, kamar yadda likita kan fid da rai ga majinyaci.

Sun rabu idan aikin ya koma kan mai yin sa. A Ingilishi “give oneself up” na nufin miƙa kai ga hukuma, alhali “zich opgeven” a Dac na nufin ba da suna don a yi wa mutum rajista. Miƙa wuya a Dac “zich overgeven” ne. Ke nan kamannin ƙira ba ya tabbatar da daidaiton ma’ana, ko tsakanin harsuna ’yan gida ɗaya.

3.0 Yadda Hausa Ke Rarrabewa

Hausa ba ta jingina irin wannan ƙaramar kalma ga aikatau. Tana amfani ne da giredin aikatau, wanda Parsons (1960) ya kasa gida bakwai, da kuma haɗin aikatau da suna, kamar miƙa wuya. Don haka abin da Ingilishi ya dunƙule a “give up arms”, dole Hausa ta warware shi:

i. Ajiye makamai: makamin na nan inda mai shi ya sani, domin abin da aka ajiye ana iya ɗaukowa.

ii. Miƙa makamai: akwai mai karɓa, makamin ya sauya hannu.

iii. Zubar da makamai: giredi na biyar ne, mai nuna aiki ya yi nesa da mai yin sa; an rabu da makamin, amma ba a ambaci wanda ya karɓa ba.

iv. Tuba: aro ne daga Larabci, yana magana a kan zuciya, bai ce komai game da bindiga ba.

4.0 Kammalawa

Ga wanda gonarsa ke bakin daji, tazarar da ke tsakanin ajiye da miƙa ita ce za ta iya sa ya fita noma ko ya dakata. Saboda haka bai wadatar mai fassara ya dogara da ƙamus ba. Wajibi ne ya fara tantance hannun da makamin yake a yanzu, sannan ya zaɓi aikatau, domin Hausa za ta tilasta masa faɗin abin da Ingilishi ya bari a dunƙule.